Darasi na 7: Kula da Bututun Numfashi a Gida

Akwai wata cuta da ke lalata jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Likitoci suna kiranta MND. Sannu a hankali hannu da ƙafa su yi rauni, haɗiya ta yi wuya, daga baya numfashi da tari su gagara. Idan aka kai nan, wani lokaci likita yakan huda gaban wuya, ya sa bututu cikin maƙogwaro, iska ta riƙa shiga huhu ta nan. Mutum yana iya daɗewa da shi. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, an sa masa a 1985, bai rasu ba sai 2018.

Babban aikin mai jinya shi ne kada bututun ya toshe, kada kuma ya fita.

Hanci ne ke ɗumama iska, yana kuma jiƙa ta. Yanzu iska ta daina bi ta hanci, saboda haka majina takan yi kauri, ga shi maras lafiya ba shi da ƙarfin tarin da zai fitar da ita. Dole a taimaka masa da injin zuƙo majina. Ka wanke hannu da sabulu, ka sa safar hannu. Ka zura siririyar robar injin cikin bututun a hankali, iyakar tsawon da nas ta nuna maka, ba tare da zuƙa ba. Sai kana janyo ta waje za ka zuƙa. Kada ka wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, domin muddin kana zuƙa, har da iskarsa kake ɗebewa. Ka bari ya huta kafin ka sake. In ka ji ƙarar gurgura, ko ka ga yana kokawa da numfashi, ka zuƙe majinar nan take, kada ka jira.

Kowace rana a goge bakin hudar da ruwan gishiri na asibiti, a busar, a sa sabon bandeji. Igiyar da ke riƙe bututun a wuya, yatsa ɗaya ya kamata ya shige ƙarƙashinta. Mutum biyu ke canza ta: ɗaya ya riƙe bututun, ɗaya ya ɗaura. Wajen wanka, a kiyaye kada ruwa ya shiga.

A gefen gado a ajiye bututu biyu na ko-ta-kwana, ɗaya daidai da nasa, ɗaya ƙarami kaɗan, da jakar hura iska ta hannu, da batir mai caji, da lambar wayar likita. Zazzaɓi, ko majina mai wari, ko mai jini, ko wadda ta canza launi, duk na asibiti ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa cewa wannan bawan Allah ba zai iya kiran kowa ba. Galibi hankalinsa na nan garau, yana jin duk abin da ake faɗa. Kada a bar shi shi kaɗai, dare ko rana, don haka 'yan gida su riƙa karɓa-karɓa. Ku shirya alama da shi: ƙifta ido sau ɗaya “i”, sau biyu “a'a”. Kafin ka taɓa bututun, gaya masa abin da za ka yi.

Aikin aji: Rubuta sunayen abubuwan da ake ajiyewa a gefen gado. Sannan ka bayyana wa na kusa da kai dalilin da ya sa ba a daɗewa ana zuƙar majina.