Yadda ake ceto bishiyar da rassanta ke bushewa daga sama

Idan ka ga maɗaci ko kaɗanya ko ɗorawa tohonta ya fara yaushi daga tsini, ganye ya koma ruwan ƙasa amma yana nan maƙale bai zuba ba, bushewar tana gangarowa a hankali, to sau da yawa cutar fangas ce, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, irin su Lasiodiplodia theobromae da ke kashe rassan mangwaro. Ta rauni take shiga, inda aka sassaƙe ɓawo don magani ko inda makiyaya suka sare wa dabbobi reshe da rani ko inda wutar daji ta lasa, kuma ta fi kama bishiyar da fari ya riga ya galabaitar.

Ka fara tabbatarwa tukuna. Maɗaci yana da wata tsutsa mai huda toho, tsaga shi da wuƙa, in ka ga rami a tsakiya da kashinta kamar garin katako to ba fangas ba ne, sayen maganin fangas asarar kuɗi ce. Kaɗanya kuma ɗaga kai ka duba ko kauci ne ya shanye reshen.

Sai yanka, kuma wallahi a nan kusan kowa ke ɓata aikin. Mutum zai zo daidai inda busasshe ya haɗu da ɗanye ya sare ya tafi, ruwan farko na sauka ka ga bushewar ta ci gaba daga nan, saboda cutar ta riga ta yi nisa a ciki ɓawon ne kawai bai nuna ba. Kankare ɓawon da wuƙa kana bi ƙasa, za ka ga wani zane baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa kwance cikin itacen, wani lokaci har da ƙaro yana tsattsafowa. Bi shi har ya ƙare ka iske itace mai tsabta, sannan ka ƙara aƙalla taƙi guda ka yanka. Dubi fuskar yankan, in akwai ɗigon baƙi ko ɗaya ƙara sauka, kar tausayin reshe ya hana ka. Ni dai ban yarda da adda ba a wannan aiki, tana farfasa itace ta buɗe sabuwar ƙofa, zarto za ka nema ko na aro ne. Fara ɗan yanka ta ƙasa kafin ta sama don kar reshen ya yage ɓawo in zai faɗi, kuma kar ka bar guntun kututture.

Duk yanka ɗaya ka tsoma zarton cikin ruwan bilic, Hypo ko Jik, kashi 1 da ruwa kashi 9, in ka gama ka wanke ka shafa mai don bilic yana sa tsatsa. Da hunturu ake yankan, ranar da ba raɓa ba ruwa, kuma dan Allah a daina shafa baƙin mai ko laka a bakin yankan.

Rassan a kwashe a ƙone, kar a jibge su a gindi. Ƙananan dashe a fesa musu maganin fangas mai suna copper oxychloride yadda takardar maganin ta ce a riƙa ba su ruwa da rani, babbar bishiya feshi ba ya kai mata. In zanen ya shiga gangar jikinta kira ma'aikacin gandun daji ya gani kafin ka sa gatari.