Kurakuran da aka fi yi game da asalin kajin buroila

Har yanzu akwai masu rantsuwa cewa allurar ƙiba ake yi wa buroila, shi ya sa take kai kilo biyu cikin sati shida. Ba haka ba ne, girman a jininta yake. A 1948 aka kammala wata gasa a Amurka ta neman kaza mai yalwar tsokar ƙirji. Wani mai kiwon kaji, Charles Vantress, ya yi nasara da haɗin kaji jinsin Cornish da New Hampshire, gonar Arbor Acres kuma ta yi fice da farar kaza jinsin Plymouth Rock. Daga baya aka haɗa jinsunan biyu, aka yi ta zaɓen masu saurin girma shekara da shekaru. Jami'ar Alberta a Kanada ta taɓa kiwon irin 1957 da irin 2005 da abinci ɗaya. A kwana 56, na farko bai cika kilo ɗaya ba, na biyu ya haura kilo huɗu. Saboda haka wanda ya ce yana da sinadarin da zai mayar da kazar Hausa buroila, kuɗinka yake so.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ware zakara da 'yan mata daga cikin buroila wai don a yi iri. Ɗan tsakon da ka saya ya fito ne daga tsatso huɗu da kamfani ke riƙe da su daban-daban, biyu ta wajen uba, biyu ta wajen uwa. Idan ka haɗa 'ya'yan a junansu, abin da zai fito ba zai zo kai ɗaya ba, wani ƙato, wani tsamurmuri. Kafin ma a kai nan, zakaran ya yi nauyin da barbara ke gagararsa, matan kuma ƙwansu kaɗan ne, ba sa son kwanci. Su kansu iyayen da ke gidajen ƙyanƙyasa, auna musu abinci ake yi don kada teɓa ta kashe su. Gyaran shi ne kowane zubi ka sayo sababbin 'yan tsaki. In kazar da za ta hayayyafa a tsakar gida kake so, riƙi ta Hausa.

Sai kwaɗayin araha. Ranar farko duk 'yan tsaki kama suke yi, shi ya sa ake cusa wa mutane zakarun kajin ƙwai da sunan buroila. Tambayi sunan irin, Cobb 500 ne, Ross 308 ne ko Arbor Acres, kuma daga wane gidan ƙyanƙyasa. Ka auna su: mai giram 40 ranar farko ya kamata ya ninka sau huɗu a kwana bakwai.

Wasu kuma sukan riƙe buroila wata uku suna jiran Sallah. Bayan sati takwas ci take yi fiye da ƙarin nama, ƙafa ta fara sagewa, zafin bazara ya same ta tana haki, baki buɗe, fukafukai a sake. Ka ƙirga sati shida ko bakwai baya daga ranar kasuwa, sannan ka zuba.