Kurakuran da ke kashe wutar takiya a Kassala, da yadda za a gyara

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, musamman bayan da Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekarar, Kassala ta cika maƙil da baƙi. Makarantu sun koma masauki, gida mai ɗaki biyu ya ɗauki iyali uku, ga kuma 'yan Eritiriya da suka daɗe a sansanonin Wad Sharifai da Shagarab. Samari da matan unguwanni, har da namu Hausawa, suka ɗora tukwane don Allah. Da yawa daga takiyoyin nan, wato wuraren dafa abincin sadaka, sun rufe, kuma ba rashin niyya ya rufe su ba.

Babban kuskure shi ne ɗaukar takiya kamar walima. A makon farko an samu kuɗi, sai a yanka tumaki, a dafa shinkafa, a yi shela. Labari ya bazu, layi ya ninka. Mako na uku ko gawayi babu. Wanda ya saba zuwa ya riga ya daina neman wata hanya, ranar da ya tarar da murhu a sanyaye yaransa da yunwa za su kwana. Kafin a kunna wuta a zauna a yi lissafi: abin da ke hannu zai ciyar da mutum nawa na wata guda, sau ɗaya a rana? A tsaya a wannan adadin, ko da ya yi kaɗan a ido. Adas, ful, balila, asida da miyar busasshiyar kuɓewa, su ne abincin da ke jure tafiya mai nisa. Nama sai ranar da wani ya kawo shi da kansa. Idan an ce a rage sai ka ji wani dattijo ya ce, "Ku dafa kawai, Allah zai kawo." Gaskiya ne, Baba, amma Annabi Yusuf ma ajiya ya yi.

Daga nan sai sayayya. Zuwa kasuwa kullum da safe a sayi malwa, wato mudu, biyu-uku asara ce, domin darajar fam ɗin Sudan tana zubewa. Kuɗi na shigowa a mai da su buhu: dawa, adas, mai, gishiri, albasa. Gadarif na nan kusa, kuma dawa ta fi araha bayan girbi, daga ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa. A ɗora buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa, saboda laima da ɓera.

Maganar kuɗi kuwa, nan zumunci ke lalacewa. Mutum ɗaya ne ake turo masa ta Bankak, manhajar banki ta waya, shi ke cirewa, shi ke saye, babu littafi. Ko waliyyi ne sai an zarge shi. A raba aikin: mai karɓa daban, mai saye daban, mai riƙe makullin sito daban, kuma duk Juma'a a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Kada a bar komai a waya. A Fabrairun 2024 sadarwa ta ɗauke a kusan duk ƙasar, masu kuɗi a asusu suka kasa sayen ko buhun gawayi. Haka nan dogaro da mai bayarwa guda ɗaya. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025, ɗaruruwan wuraren dafa abinci na Ɗakunan Agajin Gaggawa, ƙungiyoyin sa-kai na unguwanni, suka rufe. 'Yan'uwa ashirin a Jidda da Riyad masu turo kaɗan-kaɗan kowane wata sun fi attajiri ɗaya mai turowa in ya tuna.

Ruwa shi ne abin da aka fi raina wa. A Agustan 2024 aka ayyana ɓarkewar kwalara, kuma Kassala na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, lokacin da damina ta yi ƙarfi, kogin Gash ya kawo ruwa. Ana sayen ruwan karo, wato amalanken jaki, ba a tambayi inda aka ɗebo shi ba, a wanke kwanuka ɗari a baho ɗaya. A sa ƙwayar kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a takardarta, a jira rabin awa. Buta da sabulu su tsaya a bakin layi. Mai gudawa kada ya taɓa ludayi, ko da shi ne shugaba. Abin da aka sauke a raba shi da zafinsa, domin a zafin Kassala adas ɗin rana ba ya kai dare lafiya.

Sai layin kansa. In aka ce kowa ya zo da kwanonsa, masu ƙarfi ne ke ci. Tsohuwa, mai jego da makaho suna baya, in ma sun zo. A rubuta gidaje da yawan bakin da ke cikinsu, a ba da kati, a ware layin mata. Akwai kuma magidancin da ya sauke baƙi goma har rumbunsa ya ƙare, amma kunya ba za ta bar shi ya tsaya a titi da roba ba. Irin wannan a aika yaro ya kai masa bayan magariba. Hoto ma a yi hattara: masu bayarwa suna son shaida, to a ɗauki tukunya da buhu da rasit, a bar fuskar Inna.

Wani abin da ba a son faɗa: wasu na fifita "namu". Mun san abin da ya same mu Hausawa a rikicin ƙabilanci na jihar Nilu Shuɗi a Yulin 2022, ba mu manta ba. Amma Kassala gari ne na Hadandawa da Bani Amir da Rashaida da Nuba da sauransu, kuma takiyar da aka sani da ƙabila ɗaya, ranar da rikici ya tashi ita za a fara nunawa da yatsa. A sa maƙwabta cikin kwamiti tun farko, a sanar da limami da masu unguwa.

Masu dafawar su ma mutane ne. Mata huɗu ba za su iya tsayawa kan hayaƙi kullum har wata shida ba. A yi karɓa-karɓa, a yi musu rumfa, kuma a fara ɗebe rabon gidajensu kafin a buɗe layi.