Yadda Baƙon Malami Zai Zauna Lafiya a Ƙaramin Gari a Ƙasar Tailan

Wanda ya samu aikin koyarwa a ƙasar Tailan, ko Turanci ne zai koyar ko lissafi ko kimiyya, kada ya sa a ransa cewa a Bangkok za a ajiye shi. Guraben da suka fi sauƙin zuwa hannun baƙo, musamman ɗan Afirka, suna makarantun gwamnati na larduna ne, a garuruwa irin su Roi Et da ke yankin arewa maso gabas wanda ake kira Isan. Daga Bangkok zuwa can kimanin kilomita 500 ne, tafiyar dare guda a motar safa daga tashar Mo Chit. Gari ne mai tafki a tsakiyarsa, Bueng Phalan Chai, wanda gonakin shinkafa suka kewaye, kuma kafin ka yi wata guda mai sayar da ayaba a kasuwa ta san makarantar da kake aiki da unguwar da ka sauka. Wannan sanayya ce za ta riƙe ka ko ta kayar da kai, saboda haka a kanta zan fi tsayawa, amma dole a fara da takardu.

Bizar da ta halatta aiki ita ce wadda ake kira Non-Immigrant B, kuma duk wanda ya ce maka ka shigo da bizar yawon buɗe ido ka fara shiga aji kafin a gyara, to ya sa ka a hanyar karya doka. Ɗan Najeriya zai nemi bizar ta ofishin jakadancin Tailan da ke Abuja, inda ake buƙatar takardar wankewa daga hukumar NDLEA, ban da takardar shaidar 'yan sanda da kuma digirin da aka tantance. Bayan isowa akwai takardar izinin aiki daga Ma'aikatar Ƙwadago, wadda sai an yi gwajin lafiya ake bayarwa, sannan akwai izinin koyarwa daga majalisar malamai ta ƙasar, Khurusapha, wadda kan ba baƙo izinin wucin gadi na shekara 2 kafin ya cika sharuɗɗan cikakken lasisi. Wanda bai fito daga ƙasashen da suke ɗauka a matsayin masu Turanci tun daga tsatso ba, kamar Ingila da Amurka da Kanada, ana neman ya kawo sakamakon jarrabawar Turanci, galibi TOEIC da maki 600 zuwa sama. Ka rubuta ta da wuri, ko da kana ganin Turancinka ya wuce a gwada shi, domin jami'in da ke duba fayil takarda yake nema.

Abu biyu ne suka fi jefa sababbin zuwa cikin biyan tara. Na farko, mai gidan da ka sauka wajibi ne ya sanar da hukumar shige da fice cikin awa 24 ta takardar TM30, kuma da yawa daga masu gidajen haya a ƙananan garuruwa ba su taɓa jin labarinta ba, sai kai ka tuna musu. Na biyu shi ne rahoton da kake kai wa hukumar duk kwana 90 don tabbatar da adireshinka. Ana karɓa daga kwana 15 kafin ranar zuwa kwana 7 bayanta, wanda ya makara kuma tarar baht 2,000 ce a kansa (baht shi ne kuɗin ƙasar). A kowace makaranta akwai malama ko ma'aikaciyar ofis da aka ɗora wa takardun baƙi a kan aikinta na yau da kullum, ita ce za ta cika maka fom da rubutun Tailan, ita ce za ta raka ka ofisoshi. Ka girmama ta kamar yayarka, ka riƙa tuna mata ranaku cikin ladabi tun da sauran mako uku, kuma in ka je wani gari ka taho mata da ɗan tsaraba.

Batun masauki ba shi da wuya. Ka nemi ɗaki kusa da makaranta, ka tambayi nawa ake lissafa kowane ma'aunin wutar lantarki tun kafin ka biya kuɗin ajiya, domin masu gidajen haya sukan ɗora nasu a kan farashin hukuma, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, na'urar sanyaya ɗaki za ta cinye maka kuɗi. Ba a shan ruwan famfo; ana sayen manyan jarkoki ko a tara a injinan da ke bakin titi. Yanayin shekara kuwa Bahaushe ba zai yi baƙunta da shi ba, don bazara ce daga Maris zuwa Mayu, damina har Oktoba, sai ɗan sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina ka kiyayi sauro ko da rana tsaka, saboda zazzaɓin dengue.

Shekarar karatu tana farawa a tsakiyar Mayu, zango na farko ya ƙare wajen farkon Oktoba, na biyu ya fara a Nuwamba ya ƙare a Maris. A kan takardu za ka ga shekarar ta zarce wadda ka sani da 543, domin da kalandar addinin Buddha suke lissafi, ke nan 2025 ita ce 2568. Malami yakan isa makaranta kafin ƙarfe 7:30, kuma ranar da layi ya zo kansa yakan tsaya a bakin ƙofa yana amsa gaisuwar ɗalibai. Da ƙarfe 8:00 ake ɗaga tuta a rera taken ƙasa, sannan a yi addu'o'in addinin Buddha. Ba a tilasta wa wanda ba mabiyi ba ya furta komai. Ka tsaya cik, hannuwa a sake, kada ka duba waya, wannan ya wadatar. Sutura tana da nauyi a idonsu fiye da yadda baƙo ke zato: riga mai wuya a goge, a soke cikin wando, da takalmi rufaffe. Kowace rana tana da launinta, Litinin rawaya, Talata ruwan hoda, Laraba kore, Alhamis ruwan lemo, Juma'a shuɗi, kuma malamin da ya lura ya sa rigar da ta dace yakan ga fara'ar da ba ta misaltuwa a ɗakin malamai.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Mutanen Tailan suna da wata ɗabi'a da suke kira kreng jai, wadda babu kalmar da ta fi kusa da ita kamar kara a Hausa: gudun ɗora wa wani nauyi, gudun kunyata shi, da haɗiye magana don kada zumunci ya ɓaci. Bahaushen da ya tashi a gidan da ake kawaici ya riga ya san rabin darasin. Abin da ya rage shi ne ya gane cewa a can ana yin wannan kara har a wurin aiki, inda mu muka saba da fitowa fili. A makonnina na farko an sauya mini jadawali sau biyu ba tare da an gaya mini ba, ranar ta uku na shiga aji na tarar babu kowa, ashe an kwashe yara zuwa atisayen wasannin makaranta. Na koma ɗakin malamai na ɗaga murya a gaban kowa ina tambayar dalilin da ya sa ba a sanar da ni ba. Babu wanda ya mayar mini da magana, murmushi kawai aka yi, amma na yi kusan wata guda ba a kira ni cin abinci tare ba, kuma takardar da nake jira ta kwanta a kan tebur. Wata dattijuwar malama ce ta ja ni gefe ta ce mini jai yen yen, wato in sanyaya zuciya, ta kuma nuna mini cewa shugabar sashen da na yi wa faɗa a gaban na ƙasa da ita ba za ta iya gyara kuskuren a fili ba ko da tana so. Tun daga ranar, in ina da ƙorafi nakan same ta ita kaɗai, in fara da gaisuwa, in kawo maganar a matsayin neman shawara, kuma ban sake rasa biyan bukata ba.

Saboda wannan, kada ka jira sanarwa. Ka shiga zauren malamai na manhajar LINE, wadda da ita ake kusan duk wata hulɗa, ka kuma sami abokin aiki guda da za ka riƙa tambaya kowace safiya ko akwai wani abu yau. Ka kira wanda ya girme ka da phi kafin sunansa, kamar yadda muke cewa yaya, abokan aiki kuma da khru, wato malam. Gaisuwarsu ita ce haɗa tafukan hannu a ƙirji tare da ɗan sunkuyar da kai. Kai ne za ka fara yi wa shugaban makaranta da manya, ɗalibai kuma su ne za su fara yi maka. Ba a taɓa kan mutum, ba a nuna abu da ƙafa, ba a taka kuɗi saboda hoton sarki da ke jiki. Maganar gidan sarauta kuwa ka bar ta gaba ɗaya, a aji da kuma a Facebook, domin sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki.

A cikin aji za ka iya samun yara 40 ko fiye, masu ladabi amma masu tsoron yin kuskure a gaban 'yan'uwansu. In ka tsayar da yaro guda ka matsa masa da tambaya, shiru za ka samu. In ka raba su rukuni-rukuni ka mayar da darasin gasa, ajin zai ɗauka. Ka koyi sunayensu na gida, gajeru ne kuma da su kowa ke kiransu. A wata Alhamis cikin watan Yuni ana bikin girmama malamai, Wai Khru, inda ɗalibai ke durƙusawa su miƙa furanni, wasu har su kai goshi ƙasa. Musulmin da wannan bai kwanta masa ba ya yi wa shugaban sashensa bayani tun mako guda kafin ranar, a keɓe, za a sama masa wurin zama da ya dace ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Abinci shi ne jarrabawar Musulmi ta kullum a Isan, domin naman alade yana cikin kusan komai, kuma Musulmin ƙasar sun fi yawa ne a kudu, a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat da Satun. Ka haddace mai kin mu, ma'ana ba na cin alade, amma kada ka dogara da ita kaɗai. Na taɓa faɗa wa wata mai taliyar miya haka, ta amsa da fara'a ta tsame yankan naman daga kwano ta miƙo mini, alhali romon kansa da ƙashin alade aka dafa shi. A wurinta ta biya mini bukata. Abin da ya fi aminci shi ne ka nemi rumfar da ke da alamar jinjirin wata da tauraro, inda ake sayar da khao mok kai, wato dafa-dukan shinkafa da kaza, ko masu soya roti, wata irin gurasa, da yamma, waɗanda da yawansu Musulmi ne kuma su ne za su nuna maka inda ake samun naman yanka da inda ake sallah. A kantuna ka duba tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar a jikin kaya. Sauran kuwa ka dafa da kanka: kifi da ƙwai da kayan lambu suna da araha a kasuwar safe, ga kuma shinkafa mai danƙo da ake ci da hannu, wadda mai son tuwo ba zai ƙi ba. In abokan aiki suka gayyace ka, ka je, ka ci abin da ya halatta, ka yaba. Ƙin zuwa ya fi ƙin cin nama zafi a wurinsu. Juma'a ranar aiki ce, don haka ka roƙi a bar maka sa'o'in azahar babu darasi tun lokacin da ake tsara jadawali, ka kuma bincika nisan masallaci tun kafin ka karɓi aikin, domin a manyan garuruwa irin su Khon Kaen da Udon Thani ne aka fi samunsu.

Za a kalle ka, yara za su so taɓa fatarka, kuma gaskiya ne wasu makarantu sun fi son farar fata har su biya ta fiye da kai a kan aiki iri ɗaya. Ka san wannan tun kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka nemi a rubuta albashi da adadin darussa a fili. Abin da ke rage baƙunta da sauri shi ne harshe. Yaren Tailan yana da karin sauti 5 da dogayen wasula da gajeru, kuma kunnen da ya saba bambanta fari da fāri a Hausa ya fi na Bature shirin kama su. In aka ce maka pai nai, ina zuwa, ko kin khao rue yang, ka ci abinci kuwa, gaisuwa ce kawai, ba bincike ba.

Kusan kowane malami yakan sayi ƙaramin babur. Ka tuna a hagu ake tuƙi, ka nemi lasisin ƙasar, ka sa hular kwano ko da kasuwa za ka, ka kuma yi hattara da karnukan unguwa da dare. In ɗaya ya cije ka, asibiti kai tsaye don allurar haukan kare. Lambar motar asibiti ita ce 1669.

Idan Maris ya ƙarato, ka duba yarjejeniyarka ka ga ko ana biyan albashin dogon hutu, domin wasu na wata 10 ko 11 ne kawai, sai ka tanadi na Afrilu tun daga Nuwamba. Wanda zai zauna zai ga bikin Songkran daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da ake watsa wa kowa ruwa a titi, sai ya sa wayarsa da fasfonsa a leda. Wanda zai je gida kuwa, kada ya kuskura ya hau jirgi bai karɓi izinin sake shigowa daga hukumar shige da fice ba, baht 1,000 na fita ɗaya, 3,800 na fita da yawa, domin in ya fita babu shi, izinin zamansa ya mutu a filin jirgi, sai ya sake neman biza daga farko.