Tankin Mai Ya Fara Yoyo: Na Ƙarfe Ne Ko Na Roba?

Kafin komai, ƙwanƙwasa tankin ka ji. Tsofaffin motoci irin Fijo 504 da babura irin Boxer na ƙarfe gare su, Golf 3 kuwa na roba ne.

Na ƙarfe tsatsa ke cinsa daga ciki, saboda ruwan da ke kwanciya a ƙasan mai. Idan huda ɗaya ce, a sauke shi, a tsiyaye man, a wanke da ruwa da omo sau da yawa, a cika shi da ruwa har kusa da hudar, sannan mai walda ya taɓa shi. Don Allah kada ka yarda a kai wuta kusa da tankin da ba a wanke ba. Tururin fetur ne ke fashewa, ko da babu ɗigon mai a ciki. In ƙasan ya rube gaba ɗaya, sayi wani.

Na roba ba ya tsatsa, shi ya sa na fi son sa, amma gam ba ya kama shi. Duba jikinsa, galibi za ka ga an rubuta HDPE ko PE-HD, wato sunan irin robar da aka yi shi da ita. Da irin wannan robar kaɗai ake narkawa a like tsagar, bayan an wanke an busar. In tsagar ta kai bakin famfon mai, canza tankin.