Yadda ake kulle malloc a newlib in ayyuka da yawa na gudana tare

Nan birnin Tawa, a Nijar, ina haɗa ƴan akwatunan da ke sarrafa famfunan sola na masu noman albasa a wajajen Galmi, kan STM32 (ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura) da FreeRTOS (manhajar da ke gudanar da ayyuka da yawa tare) da newlib (laburaren harshen C na ƙananan na'urori). Wani aiki na auna ruwan rijiya, wani na tura saƙo, kowanne yana iya kiran malloc, umarnin neman wurin memori. Jeri guda ne newlib ke riƙe da shi na wuraren memori da ba a ba kowa ba. In mai rabon lokaci (scheduler na FreeRTOS, mai zaɓen aikin da zai gudana) ya tsai da aiki yana tsakar gyara jerin, wani ya shigo ya taɓa, jerin ya lalace ke nan. Na'urar kuwa ba lalle ta tsaya nan take ba, sai can a gona, albasa na jiran ruwa.

Shi ya sa newlib ke kiran __malloc_lock kafin ta taɓa jerin, ta kira __malloc_unlock in ta gama. A ginin da ba a kunna kulle ba, su biyun fanko ne. Rubuta naka da sunayen nan, a wurin haɗa shirin za a ɗauki naka a bar na laburaren.

Abin lura babba: kullen na iya zuwa sau biyu a jere kafin a buɗe, misali realloc, mai canza girman wurin memori, ya kira malloc yana riƙe da makulli. In makullinka bai yarda mai shi ya sake ɗauka ba, aikin zai tsaya jiran kansa har abada. Ni dai vTaskSuspendAll nake sawa a __malloc_lock, xTaskResumeAll a __malloc_unlock, don suna ƙirga sau nawa aka shiga. Illarsa, duk sauran ayyuka na dakatawa na ɗan lokaci. In ba ka son haka, sa configUSE_RECURSIVE_MUTEXES ya zama 1, ka gina makullin da xSemaphoreCreateRecursiveMutexStatic, kada gina shi ya nemi malloc. Kafin mai rabon lokaci ya fara aiki kuma, bar kullen ya wuce kawai; xTaskGetSchedulerState zai gaya maka.

Kada ka dogara da heap_3.c, fayil ɗin FreeRTOS da ke lulluɓe malloc. Kiran pvPortMalloc da vPortFree kaɗai yake tsarewa, alhali printf, mai buga rubutu, na iya kiran malloc ta bayan fage, musamman wajen buga lamba mai ɗigo.

A cikin katsewa (interrupt, lokacin da wani sashen na'ura ya katse shirin don a kula da shi nan take) kuwa kada ka kira malloc ko printf sam, kullen nan ba ya hana katsewa shigowa. Tura bayanin da xQueueSendFromISR, aiki ya karɓa ya yi sauran.