Yadda Bamaraɗe zai shirya tafiyarsa ta farko zuwa Bangaladesh

Wanda ya tashi a Maraɗi ya san ruwa a matsayin baƙo: gulbi ya cika a watan Agusta, kafin hunturu ya kama kuma yashinsa ya bushe har ana shuka a cikinsa. A Bangaladesh ruwa shi ne mai gida. Manyan koguna uku, wato Padma da Jamuna da Megna, suna haɗuwa a cikin ƙasar kafin su zuba a tekun Bengal, kuma ɗaruruwan ƙananan koguna sun yi mata rassa ta ko'ina. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 148,000 ne, wato Nijar ta ninka ta fiye da sau takwas, amma mutanen da ke cikinta sun kai kusan miliyan 170. Ruwan saman da ke sauka a Daka, babban birnin ƙasar, yakan kai milimita 2,000 a shekara, alhali mu a nan idan muka samu 500 sai mu ce damina ta yi albarka. Saboda haka duk wanda zai je can karo na farko, ko fatauci ya kai shi, ko karatu a jami'ar fasaha ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da ke Gazifur, ko taron tabligi na Tongi, ko kuwa buɗe ido kawai, ya dace ya ɗora shirinsa a kan lissafin ruwa tun daga zaɓen wata.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin sama ta ɗauke, hanyoyi sun tsane, zafi kuma ya sauka. Daga Maris zuwa Mayu akwai zafi mai gumi wanda ya bambanta da namu. A Maraɗi inuwa tana ceton mutum, amma can iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa a jiki, ga hadari mai iska da ke tasowa da marece ba sanarwa. Daga Yuni zuwa Oktoba damina ce sosai, ambaliya takan rufe ƙauyuka, titunan Daka kuma su zama tafki cikin sa'a guda. Guguwar teku ta fi zuwa a ƙarshen bazara da kuma tsakanin Oktoba da Nuwamba, abin da ya shafi duk mai niyyar zuwa gaɓar teku. Hunturun ma yana da nasa cikas: a Disamba da Janairu hazo mai ruwa yakan sauka a kan koguna da dare har a dakatar da jiragen ruwa, wani lokaci ma jiragen sama su makara. Sannan a duba kalandar Musulunci, domin a makon da ke gabanin sallar azumi da ta layya miliyoyin mazauna Daka suna komawa garuruwansu, tikiti ya yi wuya, jirage su ɗauki fiye da ƙima. Baƙo ba shi da dalilin shiga wannan turmutsitsi.

Bayan an tsai da wata, sai takardu. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida. Ofishin jakadancin Bangaladesh mafi kusa da mu yana Abuja, kuma shawarata ita ce a tuntuɓe su, a san abin da suke nema a lokacin, a karɓi biza a hannu kafin a biya kuɗin jirgi. Ɗan kasuwa ya nemi wasiƙar gayyata daga kamfanin da zai ziyarta, ɗalibi ya riƙe takardar shaidar samun gurbi, mai yawon buɗe ido kuma ya tanadi shaidar masauki da tikitin dawowa. Kada a saurari dillalin da zai ce a je kawai za a daidaita a filin jirgi, domin kamfanin jirgin kansa yana iya hana mutum hawa tun daga Yamai. Katin rigakafin ciwon shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga Nijar, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, don haka ba abin da za a bari sai jajibirin tafiya ba ne.

Hanya biyu ce a gaban Bamaraɗe. Ko ya bi babbar hanya zuwa Yamai, tafiyar kimanin kilomita 660, ya tashi daga filin jirgin Diori Hamani, ko ya ratsa Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ya tashi daga Kano, wadda ta fi kusa nesa ba kusa ba, idan halin iyaka da na hanya ya ba da dama. Babu jirgin da ke zuwa Daka kai tsaye. Sai an sauya a Istanbul ko Adis Ababa ko Doha. A zaɓi tikiti guda wanda ya haɗa dukan zangunan, domin idan jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai ɗauki nauyin gyara. Agogonsu yana gaba da namu da sa'a biyar, don haka wanda ya kira gida bayan isha'i a Daka zai tarar ana shirin la'asar a Maraɗi.

Sefa ba ta da kasuwa a can. A canza ta zuwa dala ta Amurka ko yuro tun a gida, a nemi sababbin takardu marasa yagewa, sannan a sayi taka, kuɗin ƙasar, kaɗan a filin jirgin Hazrat Shahjalal na Daka, saura a wurin ƴan canji masu lasisi a cikin gari. Idan kuɗin da yawa, a bayyana su ga duwan lokacin shiga, a adana takardar. A nan akwai abin da ya kamata ɗan kasuwa ya haddace. Mu da muka saba ƙirga kuɗi da dala da jaka mun san cewa lissafin baki daban yake da abin da ke rubuce a takarda. Su ma suna da nasu. Idan suka ce lak suna nufin 100,000, idan suka ce koti ko kuror suna nufin miliyan 10. Lambobinsu ma tarko ne ga ido: alamar da ta yi kama da 8 a wurinsu 4 ce, wadda ta yi kama da 9 kuma 7 ce. Da waɗannan lambobi ake rubuta farashi a kasuwa da lambar mota, saboda haka zama na rabin sa'a a koye su ya fi kowane ƙamus amfani. Layin waya kuwa ana samun na Grameenphone ko Robi ko Banglalink da fasfo tun a filin jirgi, kuma lambar neman agajin gaggawa ita ce 999.

Daka gari ne da ke cin lokaci. Motoci suna bin hannun hagu, don haka mai tsallaka titi ya fara duba damansa, kuma tazarar da kabu-kabu zai yi cikin minti goma a Maraɗi tana iya cinye sa'a guda a cunkoson can. Jirgin ƙasa na sama da aka buɗe a Disamban 2022, wanda ke tafiya daga Uttara zuwa Motijil, ya rage wahala ƙwarai ga wanda masaukinsa ke kusa da layin. Ban da shi akwai koren adaidaita mai amfani da iskar gas, da keken riksha don gajeren zango, da manhajojin Uber da Pathao waɗanda ke raba baƙo da ciniki. Hutun mako Juma'a ne da Asabar, Lahadi kuwa ranar aiki ce, abin da ke rikita wanda ya saba da tsarin ofisoshinmu. Kada a sa fiye da alƙawari biyu a rana ɗaya. Mai neman yadi ya nufi Islamfur a tsohon gari, wadda za ta tuna masa Kantin Kwari, amma mai son ɗinkakkun tufafi da yawa ya sani cewa masana'antu suna kewayen birni, a Gazifur da Narayanganj, kuma kaya suna fita ta tashar jiragen ruwa ta Citagong. A tafiyar farko ya fi kyau a ga masana'anta da ido, a karɓi samfur, a yi lissafin jigila har Maraɗi, musamman da yake hanyar Kwatano ta samu cikas tun 2023, kafin a ba kowa kuɗin kafin alƙalami.

Wanda ya tsaya a Daka kaɗai bai ga ƙasar ba. A tashar Sadargat, bakin kogin Buriganga, manyan jiragen ruwa masu hawa uku ko huɗu suna tashi bayan isha'i su isa Barisal, a kudancin ƙasar, da asuba. Tun da aka buɗe gadar Padma mai tsawon kilomita 6.15 a Yunin 2022, mota tana yin wannan tafiya cikin ƴan sa'o'i, fasinjan jirgi ya ragu, amma a ganina dare ɗaya a kan kogin ya cancanci kuɗinsa. A kama ɗaki a jirgin maimakon shimfiɗa a farfajiya, a tambayi inda rigar ceto take tun kafin a tashi, a kuma guji ƙananan kwale-kwale da dare ko lokacin da hadari ya haɗo. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, ko da mun sha zuwa tafkin Madarunfa, kuma babu kunya mutum ya faɗi haka ga mai jirgi. Daga Barisal ana bin mota zuwa Bagerhat a ga masallacin da Khan Jahan Ali ya gina a ƙarni na 15, wanda ake kira mai ƙubba sittin ko da yake ƙubbobinsa sun haura haka. Gaba kaɗan sai dajin Sundarban, mazaunin damisar Bengal, wanda ake shiga da jirgi daga Kulna ko Mongla tare da izinin hukumar gandun daji. Kamfanin yawon buɗe ido ne ke karɓar izinin, kuma ana rufe dajin daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta. Idan kwanaki sun rage, jirgin ƙasa yana kai mutum gonakin shayi na Sirimangal, ko gaɓar Cox's Bazar mai tsawon kimanin kilomita 120. Tsaunukan yankin Citagong kuwa sai da izini na musamman ga baƙi, a bar su sai wata tafiyar.

Ruwan da ya ƙawata ƙasar shi ne kuma tushen cututtukanta. Kada a sha na famfo, kada a yarda da ƙanƙara a abin sha na bakin titi, a tsaya ga na gora mai hatimi. A ƙauyuka wasu rijiyoyin burtsatse suna da gubar arsenik, shi ya sa aka shafa wa bakin masu illa jan fenti, masu kyau kuma kore. Zazzaɓin dengi ya fi tsanani a damina da bayanta. A 2023 ya kashe mutum fiye da 1,700 a ƙasar. Sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai, wanda muka saba dogara da shi saboda zazzaɓin cizon sauro, bai isa ba, sai an haɗa da man shafawa da riga mai dogon hannu. Wanda zazzaɓi ya kama ya sha farasitamol, ya kauce wa asfirin da ibufurofen domin suna ƙara haɗarin zubar jini, ya je asibiti a gwada jininsa, ya kuma gaya wa likita cewa daga Afirka ya fito don a duba maleriya.

Abinci ba zai ba mu wahala ba. Shinkafa ce da kifi da miyar waken dal, ana ci da hannun dama kamar a gida, nama kuma a mafi yawan wurare yankan Musulmi ne. Kifin ilish da suke alfahari da shi ƙaya gare shi kamar allura, a ci shi a natse. Mai gudun yaji ya ce jal kom. Sallama ita ce gaisuwa, ana kiran namiji bai, mace apa, kuma kada ka yi mamaki idan ka ji ana ce wa ƙaton mai riksha mama, domin a harshensu kawu ke nan. Kusan kashi 90 cikin ɗari na mutanen Musulmi ne, mabiya mazhabar Hanafiyya, saboda haka ɗan Malikiyya zai tarar ana kiran la'asar a makare fiye da yadda ya saba. Ya bi liman kawai ba tare da muhawara ba, ko a Baitul Mukarram ne, babban masallacin ƙasa da ke Daka, ko a masallacin unguwa. Za a yi ta kallonka, a tambaye ka ƙasarka, a nemi ɗaukar hoto da kai, kuma sau da yawa sai ka yi bayanin cewa Nijar daban, Nijeriya daban. Ka riƙe kwafin fasfo da biza a aljihu, ka nisanci taron siyasa da zanga-zanga, musamman da yake ƙasar ta ga sauyin gwamnati a Agustan 2024 bayan tarzoma, kuma kada ka bari bizarka ta ƙare kana ciki, domin tara ce ke jiranka a filin jirgi. Idan kana kudu ko arewa, ka dawo Daka kwana biyu kafin ranar tashinka, saboda hazo na dare ɗaya a kan Megna ya isa ya sa jirgin Istanbul ya tafi ya bar ka.